Mai Inji, Ƙaro Masa Wuta!

A takardar gayyata an rubuta cewa wasa zai fara ƙarfe huɗu, bayan La'asar. Gaskiya suka faɗa, in dai abin da ake kira wasa shi ne wani saurayi ya hau dandamali ya riƙe makirfo yana ta "halo, halo, wan-tu, wan-tu" har a kira Magariba. Ƙirgar tasa ba ta taɓa kaiwa uku ba. Yana sauka sai mai gabatarwa ya karɓa, ya hura wa makirfon iska, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, sannan ya tambayi jama'ar da kunnuwansu suka riga suka toshe: "Ana ji na kuwa?" Duk wanda aka miƙa wa abin nan sai ya sake wannan gwaji, ko da wanda ya gabace shi yanzun nan ya gama jawabin rabin awa da shi. Ba mu yarda da makirfo ba, kuma ba mu iya rabuwa da shi.

Wanda zai ɗauko kayan sauti, ko mai biki ne ko mai shirya gala ko wasan Sallah, tambaya ɗaya yake yi wa mai inji: "Sifika nawa za ka kawo?" Ba ruwansa da ko murya za ta fita tas. Ɗakin taron da bai fi cin mutum ɗari biyu ba sai ka ga an jibge masa akwatunan da za su wadatar da filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, an ɗora wani kan wani har sun kusa taɓa silin, an ɗaure da igiyar roba. Dalilin kuwa sananne ne. Washegari ba wanda zai ce waƙa ta yi daɗi. Abin da za a ce shi ne, "Wallahi har tsallaken titi ana jin kiɗan." In maƙwabta suka samu barci, taro bai yi armashi ba.

Abin dariyar shi ne kunne ba ya lissafi irin na mai biki. Masu ilimin sauti suna auna ƙara da ma'aunin da ake kira desibel, kuma in ka ninka ƙarfin inji sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara. Kafin kunne ya ji cewa ƙara ta ninka, sai an ƙara wajen desibel 10, wato ƙarfin inji ninki goma. Saboda haka Alhajin da ya biya kuɗin sifika takwas don ya ninka maƙwabcinsa mai huɗu, abin da ya ninka kawai shi ne kuɗin man janareto.

Shi kuwa mai inji yana can gefe a zaune gaban mikisa, fuska a murtuke, ya rataya abin saurare a wuya, wanda ban taɓa ganin ya kai shi kunne ba. A jikin mikisar akwai 'yan fitilu a jere: kore, ruwan ɗorawa, sai ja a can sama. Waɗanda suka ƙera na'urar sun sa jan ne don gargaɗi, ma'ana sautin ya fi ƙarfin abin da injin zai ɗauka, ya fara yankewa yana fita da ƙarar gwangwani, kuma in aka daɗe a haka kwayil ɗin sifika zai yi zafi ya ƙone. A wurin mai injinmu kuwa, jar fitila shaida ce cewa yana cin halal ɗinsa. In ta koma kore sai hankalinsa ya tashi, ya miƙa hannu ya murɗa. Bai gama murɗawa ba mawaƙi zai waiwayo ya ɗaga yatsa sama, "Mai inji, ƙaro min!" Mai fiyano ya ji an danne shi, shi ma ya ɗaga yatsa. Mai ganga haka. Kafin waƙa ta uku an ƙara wa kowa, an koma inda aka fara, sai dai yanzu gilasan taga suna rawa.

Daga nan sai ƙiiiii! Ƙarar nan mai tsinka jijiya, wadda ke sa tsofaffi salati, jarirai su ɓarke da kuka. Ba aljanu ba ne, ba kuma hannun mahassada. Makirfo ne ya ɗauki sautin da ke fita daga sifika ya mayar wa inji, inji ya ƙara masa ƙarfi ya sake turowa, abin ya yi ta zagayawa. Maganinsa a ja baya daga gaban sifika, a daina dunƙule kan makirfo cikin tafin hannu. To amma dunƙule kan makirfo shi ne gayu, tsayawa gaban sifika kuma nan kyamara take. Sai mai gabatarwa ya harari mai inji, mai inji ya harari yaronsa, yaron ya ruga ya girgiza wata waya da ba ruwanta.

Inda abin ya fi ba ni tausayi shi ne wajen liƙi. Mutum ya fito fili da babbar riga, ya zazzage aljihu a goshin mawaƙi, ba don komai ba sai don a ambaci sunansa da na mahaifinsa da na kakansa, a faɗi garin da suka fito, matarsa tana ji, abokan adawa suna ji. Amma mai inji ya buɗe amsa-kuwwa har ƙarshe. Abin da ke fita daga sifika shi ne "Alhaji-ji-ji-ji", sunan uba ya hau kan na ɗa, na kaka ya faɗa cikin gangar fiyano ya nutse. Ya biya kuɗin kirari, an ba shi kuwwa. Haka zai koma kujera yana murmushi yana gyara hula, don shi ma bai ji abin da aka ce ba, yana dai kyautata zato.

Manyan baƙi kuma karramawar da ake yi musu ita ce a zaunar da su a layin gaba, dab da bakin babbar sifikar da ke fitar da dundum. Na ga dattijo mai furfura a irin wannan kujera, kwalbar lemon da ke gabansa tana tafiya da kanta a kan tebur, shi kuma duk wanda ya sunkuyo ya yi masa magana sai ya gyaɗa kai ya ce "Madalla, madalla." Da mai neman rance ya san wannan sirri, da a nan zai riƙa tare mutane. Hirar duniya wajen desibel 60 ce. Ma'aikacin da ke cikin ƙarar desibel 85 ana ƙayyade masa awa takwas, in ta kai 100 kuwa minti goma sha biyar ne. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar cewa matsakaicin sauti a wuraren kiɗa kada ya haura desibel 100. Nijeriya ma tana da dokar taƙaita ƙara tun 2009. Dattijon nan awa uku ya yi a wurin, yana ta madalla.

Ba cewa nake makaɗan zamanin da ba su san makirfo ba. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi waƙa da shi a gaban dubban mutane, haka ma Musa Ɗanƙwairo. Ɗanmaraya Jos kuwa kuntigi ne kawai a hannunsa, tsirkiya ɗaya, ɗan abin da bai fi tafin hannu ba, dole a kara masa makirfo in taro ya yi yawa. Sai dai su aikin lasifika a wurinsu shi ne ta kai magana layin baya, don wanda aka yi wa habaici ya ji da kunnensa, sauran jama'a su samu abin maimaitawa a majalisa. A lokacinsu kalangu yana jan baya in baiti ya zo. Yanzu baiti ne ke neman hanyar wucewa.

Wani lokacin ma babu baitin. Waƙar tana cikin filashi, an ɗauko ta daga situdiyo da muryar da kwamfuta ta riga ta goge, mawaƙi yana motsa baki, aikinsa kawai ya riƙa cewa "Hannu sama!" Ranar tonon asiri ita ce ranar da man janareto ya ƙare ana tsakiyar amshi. Kiɗa ya ɗauke ɗif, fitilu suka mutu, bakin mawaƙi bai samu labari ba sai da ya ƙara motsi biyu. Ga filin da ya cika da masoyansa, sun sayi tikiti, sun yi shiru, karo na farko za su iya jin muryarsa ta ainihi. Sai ya ajiye makirfo ya ce a jira a sayo mai.

Da safe kowa ya tashi kunnensa na kukan gyare, ana magana da ƙarfi a kan koko da ƙosai. Mai inji ya zo karɓar cikon kuɗinsa. Mai taro ya ce sai dai a rage, domin ya haɗu da wani tela a bayan layi wanda ya rantse masa cewa jiya ya yi barcinsa lafiya lau.