Ku 'Yan "Ba Za Mu Biya Ba"

To, ga ku nan kun ɗaure fuska tun ban ce uffan ba. Da kun ji an ce gwamnati za ta ba kamfani hanya ya gina da kuɗinsa, ya kafa tolget ya yi shekara talatin yana karɓar kuɗin wucewa, sai ku ce shi ke nan, an sayar da ƙasa. Ku kwantar da hankali, Malam, ni ba rasit na zo yanka muku ba.

Tambaya ɗaya ce: tun ƙarshen 2003 da Obasanjo ya ba da umarnin rushe tolget, wane ne a cikinku ya daina biya? Aljihun da kuɗin ke faɗawa ne kawai ya canza. Daminar bara wani rami da ruwa ya rufe ya ci mini taya biyu, ya cire salansa ya ajiye ta a tsakiyar kwalta. Ko taku ashirin ban yi ba na tarar da mai faci zaune gindin bishiya, injin iskarsa a kunne, yana mini sannu da murmushi. Wannan bawan Allah ba tolget ba ne? Nasa ma babu farashi a rubuce.

A Senegal kamfanin Eiffage na Faransa ya haɗa kuɗi da gwamnati aka yi hanyar Dakar zuwa Diamniadio, kilomita 32, aka buɗe ta a 2013. Tafiyar da kan ci kusan awa biyu cikin gosulo ta koma ƙasa da rabin awa. Na san amsarku: ai can Senegal ne. Ta Nairobi fa, da kamfanin China ya gina aka buɗe a 2022? Mai sauri ya hau sabuwa ya biya, mai rowa irinku ya bi tsohuwa kyauta.

Sai dai ba zan hana ku gaskiyarku ba, ko da kun same ta ne bisa sa'a. A 2006 jihar Legas ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 kan hanyar Lekki zuwa Epe. Aka fara karɓar kuɗi a Disambar 2011 aiki bai kammala ba, jama'a suka fito zanga-zanga, a 2013 jihar ta yanke shawarar saye yarjejeniyar. Ga inda gizo ke saƙar: kamfani bashi yake ci ya yi aikin, sau da yawa a dala, yana kuma tara naira a bakin shinge. Idan motoci ba su kai lissafi ba, ko naira ta zube, wa zai cike giɓin? A wasu yarjejeniyoyin gwamnati ce, wato ku. Wannan shafin na yarjejeniya ya kamata ku tasa ICRC, hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan yarjejeniyoyi, gaba ta nuna muku, amma kun tsaya rigima da yaron da ke ɗaga sanda.

Hanyar Keffi zuwa Makurdi dai an fara karɓar kuɗi tun Fabrairun 2025, a lokacin ƙaramar mota naira 500. Na ga ɗayanku a can. Ya yi tsaki, ya biya, har ya tsaya jiran rasit.