Jinjina ga Maƙeran Tafi-da-Gidanka

Allah ya ja zamanin maƙeran motar tafi-da-gidanka, wadda mutanen Amurka ke kira RV, gida sukutum a kan taya, da gado da kicin da banɗaki. Gaisheku gwanayen Elkhart ta jihar Indiyana, cibiyar wannan sana'a, gagara gasa, masu hannu da baiwa, waɗanda sana'ar tasu baki ɗaya ta fitar da motoci sama da 600,000 a shekarar 2021 kaɗai, amma da yawansu ba su zubar da girmansu wajen zana wa mai saye taswirar wayoyin motarsa ba. Sarki ba ya tona asirin fadarsa.

Gidan talaka wuta ɗaya gare shi, in ta ɗauke kowa ya san ta ɗauke. Su kuwa ma'abota alheri biyu suka bayar. Akwai mai bolt 120 da ake jawowa daga turken sansani ko janareta, ita ke riƙe da na'urar sanyaya ɗaki da soket-soket. Akwai mai bolt 12 ta batir, mai kula da fitilu da famfon ruwa da fankar hita. A tsakaninsu aka naɗa waziri, wata na'ura mai juya ta farko zuwa ta biyu tana cika batir. Da wannan hikima wuta kan ɗauke rabi ta bar rabi, mutum na zaune cikin haske tangararan alhali ba shi da wuta. Wane mahaluki ya taɓa kaiwa nan?

Na ga wannan karama da idona wani dare na hunturu a jihar Arizona, cikin motar haya, tare da wani aminina da iyalinsa. Aka jona butar shayi a kicin, shiru. Alhaji, aminin nawa, ya fita cikin sanyi ya duba birekar turke, lafiya lau. Ya dawo ya durƙusa gaban akwatin fis, tocila a baki, yana zaro su ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa sama kamar mai duban jinjirin wata. Uwargida ta ce, "Alhaji, a haƙura da shayin nan mana." Ya ce sai ya ga abin da ya ture wa buzu naɗi. Sai da aka doshi awa uku 'yar autarsa ta leƙo daga banɗaki ta ce, "Baba, wannan ɗan jan abin na mene ne?" Ya danna da yatsa, buta ta hau kuka.

Soket ne da ake kira GFCI, mai yanke wuta da zarar ta fara zurarewa ta inda bai kamata ba, don kada ta kama mutum. Maƙeran suka ɗaura masa soket ɗin kicin da na waje duka a wuya, suka ajiye shi bayan tawul, ba alama ba rubutu. Ƙaramin gwani da sai ya manna 'yar takarda a kicin ya ce a duba banɗaki, ya hana magidanci sanin kowane lungu na gidansa. Manya ba sa yin haka.

A yaba musu kuma kan makunnin da ke raba batir da mota ɗungurungum, wanda a wasu motocin aka dasa shi bakin ƙofa daidai idon sawu, domin ko takalmin baƙo ya samu rabonsa na iko. A yaba kan 'yar birekar da ke maƙale kusa da batir, mai maɓalli kamar ƙwayar shinkafa, wadda sai mai tsarkin zuciya da ya kwanta rigingine a turɓaya ke ganinta. Sai kuma gagarabadau, launin waya. Duk wanda ya taɓa buɗe gaban mota ya san baƙar waya ta ɓangaren ragi ce. A tirelolin tafi-da-gidanka da yawa baƙar ita ce ta ƙari, farar ce ta ragi. Mai mota ya sayo sabon batir ya ɗaura bisa saninsa, nan take fis ɗin kariya su ƙone, kuma an tanadar musu masauki na alfarma a jikin wazirin nan, can ƙarƙashin gado ko bayan kabad, inda hannu ke shiga amma ido ba ya bi.

Firjin da ke aiki da gas ma ba ya motsi sai da bolt 12, saboda biyayya. Na'urar shinshino gas, baiwar Allah mai tsaron rai, ba ta barci ko mota na ajiye, tana tsotsar batir a hankali har ta kai shi ƙasa. Motar da ke da layin amfiya 30, wato wat 3,600, an ƙawata ta da na'urar sanyi da tukunyar ɗumama ruwa da maikirowef, domin mai gida ya koyi adalci tsakanin kishiyoyi, kowace da kwananta.

Masu hassada na cewa mita mai araha da takarda ɗaya sun isa: ka ga 12.6 a bakin batir ka san cike yake, ka jona turke ka ga wajen 13.6 ka san waziri na bakin aikinsa, sannan ka bi waya har inda tsatsa ta cinye ta a jikin ƙarfen mota. Allah ya shirye su. Da an bi tasu, wa zai ga ɗakin da ke turowa waje daga jikin mota ya ƙi komawa ciki ranar tafiya don batir ya mutu, mota ta kafe a sansani da ƙugu a buɗe, mai ita na rarrafe a ƙarƙashinta yana laluben inda aka ɓoye abin murɗawa da hannu? Daga nan sai garejin dillali, inda a tsakiyar lokacin hutu ake karrama motar da masauki na makonni, mai ita na gida yana biyan bashin banki a kan kari.