Yadda Za Ka Yi Wa Kwamfutarka Kwalliya A Birnin Gwari

Ba zan ɓata maka lokaci da bayanin inda ake latsawa ba. Duk mai kwamfutar gwanjo ya san wurin, ya kuma san abin da ya tarar. Kwanan nan na gama shan tawa wahalar, saura kai.

Na ɗaya, bincika ko Windows ɗinka na da lasisi. In babu, sashen kwalliyar a kulle yake, ba canza launi, ba canza jigo, sai wani rubutu a kusurwar dama ta ƙasa yana bin ka bashi. Wanda ya sayar maka a Kaduna ya rantse cewa “orijina ce, Alhaji”. Yafe masa. Ba wanda zai sake bin hanyar Buruku zuwa Kaduna don rigimar launi.

Na biyu, mayar da komai baƙi. Za a ce maka batir zai daɗe. Gaskiya ne, in allonka OLED ne, wanda ɗigonsa ke mutuwa a inda baƙi yake. Naka da nawa LCD ne, fitilar bayansa a kunne take ko fari ko baƙi. Ribar kawai, in an ɗauke wuta kwamfutar za ta saje da ɗakin. Da rana kuwa, a rumfar shago, fuskarka za ka riƙa gani da ƙurar hunturu.

Na uku, hoton bango. Sauke jigon dazuzzukan Kanada, kai da gandun dajin Kamuku yake a bayan garinku. Zai cinye maka data, ya kai kusan ƙarshe, ya tsaya cak. Duk wanda ya ga 2021, lokacin da aka katse mana sadarwa kusan wata biyu, bai kamata ya ƙona sabis kan hoton bishiya ba.

Na huɗu, ko na biyar ne, salon rubutu. Nan fa raha ta ƙare. Wani jigo ya zo min da rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe, na ɗauke shi na tsara katin ɗaurin auren ƙanwata. Duk inda ɗ ko ƙ ko ɓ take, sai ga ɗan akwati, fanko. Sunan ango da akwati, sunan unguwa da akwati. Kawu ya gyara tabarau ya ce, “Wai lefen ne ka lissafa?”

Jama'a, waɗannan haruffa suna cikin ƙa'idar Unicode tun farkon shekarun 1990. Mai tsara jigon ya sami lokacin zana ƙanƙara tana zubowa a allo, ya mayar da kibiyar linzami takobi, ya sa ƙarar tsuntsu duk sanda ka rufe fayil, amma haruffan harshen da miliyoyin mutane ke rubutu da shi sun fi ƙarfinsa! Ƙanƙara a Birnin Gwari, a watan Afrilu?

Akwai wata shawara kan gumaka masu sheƙi, bar ta, batirina ya yi ja.

Nemi Noto Sans ko Andika, kyauta ne, kuma suna ɗauke da haruffanmu. Duk jigon da aka tallata maka, rubuta “ƙaiƙayi, ɗanɗano, ɓarɓashi” tukuna. In ka ga akwati ko ɗaya, goge shi, ka adana cajinka don aikin da zai kawo kuɗi.