Madalla da Daɓen da Ba Ya Kai Kowa Ko'ina

Jinjina ga Lanny Smoot, injiniyan kamfanin Disney na Amurka, wanda a Janairun 2024 ya nuna wa duniya HoloTile. Daɓe ne na ƙananan fayafayai masu juyawa: ka taka gabas su ja ka yamma, ka nufi kudu su maido ka tsakiya. Sai ka yi ta tafiya har gumi ya karyo maka, kana nan inda kake. Kai, boko ya yi rana!

Mutanen Kuki, ku sa mata su rangaɗa guɗa, maganin damuwarku ya samu. Wa zai ƙara fargabar 'yan bindiga a hanyar Dutsin-Ma ko ta Kurfi? A shimfiɗa wa manomi daɓen nan a zaure, a rufe masa ido da tabaron na'ura, ya wuni yana zuwa gona. Gero kuwa ya nome kansa.

Masu hassada za su ce sai da lantarki yake aiki. To, sai me? In aka ɗauke wuta kana tsakiyar sauri, fayafayan su tsaya cak, kai ka wuce gaba, ai haƙora biyu ne kawai, kuma asibiti na nan a Dutsin-Ma. Za su ce ƙurar hunturu za ta cushe shi, ko bakin zani da na babbar riga su maƙale, ko jiri ya kwashi tsoho don ido na ganin tafiya jiki bai gusa ba. Duk sharri ne. Ai wanda ya riga shi fitowa, Virtuix Omni, har ɗamara ake ɗaura wa mutum a ƙugu, a sa masa takalmi mai santsi. Wace shaidar aminci ta wuce a ɗaure ka kafin ka taka?

Mu dai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Dam ɗin Zobe da aka kammala a 1983 ya shafe shekaru aru-aru ana ta tafiya a kan maganar noman raninsa, ba a isa ba, kuma ko fitila ba a kunna ba wajen yin hakan.

Don haka, ranka ya daɗe mai riƙe da baitulmali, idan dillalan wannan kaya suka zo, a ba su ruwa su sha, a raka su bakin titi. Kuɗin a sa su a hanyar da mai ciki za ta bi ta isa asibiti da ranta.