Kwanan Daji na 'Yan Gayu

Wata sabuwar al'ada ta shigo wa samarinmu 'yan boko, wai ita kwanan daji don shaƙatawa. Mutum yana da ɗaki, da katifa, da fanka, sai ya tara kuɗi ya sayi tanti, ya keta Arewa tun daga Kabi har Yankari a jihar Bauci, ya biya kuɗin shiga, don kawai sauro ya cije shi kusa da giwaye. In ya dawo, wata guda ba mai sakat da labarin ruwan ɗumin Wikki, kai ka ce shi ya haƙa shi.

Alhali kwanan waje gadonmu ne. A Jega, in bazara ta kankama aka ɗauke wuta, unguwa kaf tabarma take shimfiɗawa a ƙofar gida, ba tikiti ba rasit. Manomin albasa a Aliero kuwa, rani na yi ya tare a bukkar kara kusa da injin ban ruwa, yana fama da ɓarayi da shanun da suka ƙwace wa makiyayi. Ba wanda ya taɓa kiransa ɗan yawon buɗe ido.

An ce wani ɗalibin jami'a ya sami mahaifinsa ya ce, "Baba, a taimaka mini da kuɗin tanti, za mu kwanan daji da abokai."

Tsoho ya ce, "Madalla, Allah shi yi ma albarka. Ga garka can, albasa ta kusa cira. Tafi ka yi gadi, ko sisi ba ni amsa hannunka."

"Haba Baba, ai ba irin wannan ba. Wancan ana ɗaukar hoto."

Sai kuma ɗaya rabin shirin, ziyarar ƙauyukan tarihi. A cika mota da kilishi da lemo da lasifika, a dira wani ƙauye a ƙasar Maiyama. Kafin a gaida mai gari an kewaye rumbu ana murmushi. Wadda ko yaji ba ta taɓa dakawa a gidansu ba ta karɓi taɓarya, ta buga sau uku, a ɗauki bidiyo, ta miƙa wa mai ita ta ƙarasa damin geronta. Dattijo ya gyara zama ya soma bayanin gandu: yadda uba da 'ya'ya da jikoki ke noma gona ɗaya su ci daga rumbu ɗaya, da yadda ake kiran gayya a gama wa mutum noma a wuni guda, ladan kowa fura da tuwo. Yana ɗaga kai sai ya tarar baƙin sun haye tudu suna neman sabis.

A wasu ƙasashe ƙauye ne ke cin ribar baƙi. Namu baƙin su sha furar mutane, a yanka musu zakara, a kuma cusa musu ƙwan zabi a bayan mota. Abin da suka bar wa gari shi ne robobin lemo.

Tarihin ma da ake iƙirari, ga shi a bakin ƙofa. A nan ƙasar Jega Gimbana take, garin Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu. Harin da dakarun Gobir suka kai mata yana cikin abubuwan da suka jawo hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a 1804, kuma ɗan Abdussalamin, Buhari, shi ya kafa Jega. Hubbaren Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu, gidan tarihi na Kanta na Argungu. Amma tambayi ɗan gayunmu ina Gimbana, sai ya sosa ƙeya, shi da ya haddace otal-otal ɗin Dubai bai taɓa hawa jirgi ba.

Don haka ga shawara kyauta ga manoman Aliero. Tunda mutanen nan ba sa ganin ƙimar abu sai an sa masa farashi, ku kafa allo da Turanci a bakin garka, ku yanka kuɗin kwana, ku ƙara da na hoto. Za su yi layi su biya, su kwana suna yi muku gadin albasa. Wanda kuma ya ja da baya yana neman hoto mai kyau har ya afka rijiyar ban ruwa, kada hankalin iyayensa ya tashi: Aliero ce, masu ɗori na nan cikin gari.