Taubashi Ya Ci Gadon FoxPro

Taubashi, labari ya iso mana har Kurya Madaro wai ka ci gado tun Kawu na raye. Na zaci gona ce ko shanu, har na fara lissafin abin da zan karɓa na kuɗin shara. Ashe tsohuwar kwamfutar shagonsa na taki da iri ce a Ƙaura Namoda, da manhajar lissafin bashi wadda wani bawan Allah ya rubuta masa da FoxPro, ya tattara ya bar gari. Allah ya sanya alheri. Kamfanin Microsoft da ya sayi FoxPro a 1992 ya sallame ta tun Janairun 2015, kai kuma yanzu ka ɗaura aure da ita.

An ce da ka buɗe fayilolin sai da ka yi salati. Layuka duk sun manne da gefen hagu, ba a gane inda IF ya fara balle inda ya ƙare. Wani umarni da manyan baƙaƙe, wani da ƙanana, ga sunaye irin x1 da x2. Har ka ce wa yaran shago mutumin bai iya rubutu ba don ya sa REPL da SELE. Ya iya, Taubashi. Tun zamanin dBASE aka yarda a yanke umarni a harafi huɗu, sunan gurbi kuma a tsohon fayil na DBF ba ya wuce harafi goma. Da abin da ya samu ya yi aiki, manhajarsa kuma ta girmi takardar shaidarka ta Poli.

Sai ka rantse za ka share komai a dare ɗaya, ka ɗauko Prettier. Wa ya aike ka? Prettier na su JavaScript ne, Black na Python, babu wanda ya taɓa gaisawa da FoxPro a cikinsu. Daga nan ka koma SQLFluff don ka hango SELECT a ciki. To a SQL na kowa, waƙafi mai ɗigo a sama yana nufin magana ta ƙare, a FoxPro kuwa yana nufin magana na ci gaba a layi na gaba. Ka ga ashe kurame biyu ka haɗa hira.

Abin da kake nema yana cikin gidan tun tuni. Buɗe Visual FoxPro, shiga Tools, ga Beautify nan: ya daidaita baƙaƙe, ya tura layuka ciki yadda ido zai bi, ba ya neman intanet. Kar ka raina wannan na ƙarshen. Ka tuna Satumban 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara, masu manhajar zamani suka yi zugum, tsohuwar nan ba ta ma san an yi ba. Da a ce Clipper ka gada, da na tura ka wajen hbformat na Harbour, amma ba zan ƙara maka nauyi ba, na san kanka.

Sai dai tun kafin ka taɓa ko ɗigo, kwafe komai a filas, ka ba Gwaggo ta ajiye inda take ajiye abin da ba ta son ka gani. Sannan ka zuba fayilolin a Git. A nan za ka sake yin salati, domin fom-fom ɗin FoxPro masu ƙarewa da scx su ma teburan bayanai ne, Git ba zai nuna maka abin da ya canza a cikinsu ba. Fernando Bozzo ya rubuta FoxBin2Prg don wannan matsalar, yana mai da su rubutu zalla. Kwalliyar layuka ka ajiye ta ita kaɗai, gyaran lissafi shi kaɗai. In ka cakuɗa su, ranar da kuɗi suka ƙi daidaita za ka tarar kowane layi ya canza, kowanne kuma da sunanka a jiki.

Inda na fi jin tsoronka shi ne canza sunaye, don na san x1 na ci maka rai. Wannan aiki kamar share ɗakin tsohuwa ne: ƙasa ka share, amma ƙullin da ka gani bayan tukunya ka bar shi, ita ta san dalilinsa. FoxPro na da wata dabara ta alamar &, inda ake ɓoye sunan fayil ko na gurbi a cikin rubutu, sai manhaja na gudu take warware shi. Babu abin gyaran da ke ganin wannan. Za ka canza suna wuri tara, na goma ya yi lamo sai ranar Alhamis, dillalan kasuwar Shinkafi sun cika shago, sannan ya fashe.

Gwajin ba shi da wuya. Buga takardar masu bashi kafin kwalliya, ka sake bugawa bayanta. In kwabo ɗaya ya bambanta, ba kwalliya ka yi ba, ɓarna ce, koma baya. Kuma na ji kana cewa za ka liƙa wa ƙirƙirarriyar basira duka ta gyara maka. Kod ɗin dai ka ba ta in kana so, ka kuma gwada abin da ta dawo da shi, amma sunayen manoman Zurmi da bashin da ke kansu amana ce, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023.

Akwai wani umarni mai harafi uku, ZAP, yana kwashe duk abin da ke cikin tebur, kuma RECALL ba ya dawo da shi. Kar hannunka ya je kusa. Amma in kana cikin dubawa ka ci karo da sunana da buhunan yuriya a gabansa, wannan kuskuren mutumin farko ne, kuma a layin nan kaɗai na yarje maka ka nuna ƙwarewarka, ba sai Kawu ya ji ba.