Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Birkin Sabuwar Tirela

Zuwa ga Mai Girma Birki,
Mazaunin ƙarƙashin tirelar kwana,
Babbar Hanyar A6, tsakanin Paris da Liyon.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Mai Girma yana cikin ƙoshin lafiya, ko da yake lafiyar tasa ce abin da ake tababa a kai, masu wannan takarda magidanta ne da suka kashe tarin guminsu wajen sayen tirelar kwana, wato ɗaki mai taya da ake ɗaurawa a bayan mota, da gado da murhu da makewayi a ciki. Tun shekarar 1936, lokacin da gwamnatin Léon Blum ta ba ma'aikata hutun mako biyu tare da albashinsu, Faransawa suka ɗauki gangarawa kudu zuwa bakin teku a lokacin zafi tamkar farilla, kuma wanda ya tashi daga Paris da ɗakinsa a bayansa sai ya ci kilomita fiye da 450 kafin ya ga Liyon. Duk tsawon wannan tafiya amanar rayuka da dukiya tana hannun Mai Girma, alhali ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa ranar da aka yi ciniki.

Dokar hanya ta Faransa ce ta naɗa Mai Girma, domin ta wajabta birki a kan kowace tirela da nauyinta na doka ya haura kilo 750, sai dai ta naɗa shi ba tare da ubangida ba. A Amurka birkin irin wannan tirela da lantarki yake aiki, direba kuma yana da ƙaramar na'ura kusa da sitiyari da yake ƙara masa ƙarfi ko ya rage. A Turai kuwa Mai Girma ba ya karɓar umarni daga ƙafar direba, sai daga turi: idan mota ta rage gudu, nauyin tirela ya taho ya danno ta daga baya, bututun da ke bakin mahaɗa ya shige ciki, ya ja sandar ƙarfe, sandar ta ja wayoyi, wayoyin su buɗe ƙarafan guga, wato ƙarafa biyu masu siffar jinjirin wata da ke matse cikin gangar taya har ta tsaya. Ma'aikacin da ba ya motsi sai an ture shi sananne ne a kowace ma'aikata, amma ba kasafai ake damƙa masa rayuwar iyali guda ba.

Ƙorafi na farko ya shafi sabunta. Mai saye yana zaton sabon abu ya gama shiri, alhali sababbin ƙarafan guga ba sa kwanciya daidai da ganga sai sun ɗan ci juna, wayoyi kuma suna saki a farkon aiki, don haka masu ƙerawa suke umartar a koma wurin bakanike a sake ɗaure birki bayan tafiye-tafiyen farko. Kafin a yi hakan, bututun mahaɗa kan shige har ƙarshensa Mai Girma bai farka ba, sai direba ya ji wani gum a bayansa a bakin shingen biyan kuɗin hanya, kwanuka su zube, uwargida ta yi salati, yara kuma su tambaya ko wani ne ya buge su. Ba wanda ya buge su, ɗakin kwanansu ne ya iso kafin birkinsa.

Ƙorafi na biyu kishiyar na farko ne, wato himma inda ba a nema ba. Wuri mafi tudu a kan A6 shi ne Bessey-en-Chaume, mai tsayin mita 565, daga nan hanya take gangarawa zuwa Beaune. Direba mai hankali yakan sauko da giya domin inji ya riƙe motar, amma tun da tirela ba ta daina danno mota a gangara, Mai Girma yakan ɗauki wannan a matsayin kira, ya yi ta guga ba hutawa har ganga ta yi zafin da hannu ba ya kusantarta, warin ƙauri ya cika wuri. Masana sun bayyana cewa zafi yana rage kamun ƙarafan guga, ma'ana mai yawan himma a saman tudu shi ne mai gazawa a gindinsa, daidai lokacin da ake bukatarsa. Idan kuma ɗaurin taya ɗaya ya fi na ɗaya tsauri, tirela sai ta riƙa karkata gefe, direba yana kallon gidansa a madubi yana neman wata hanya dabam.

Ƙorafi na uku yana bakin Liyon, a ramin Fourvière da aka buɗe a 1971, wanda tsawonsa bai kai kilomita 2 ba amma sunansa ya cika ƙasa saboda cunkoso. Hukumar Bison Futé, wadda tun 1976 take hasashen cunkoson hanyoyi da launuka, takan shafa wa wasu Asabar na ƙarshen Yuli da farkon Agusta baƙin launi, kuma a kan hanyar A6 ce aka yi jerin gwanon kilomita 176 a watan Fabrairun 1980. A irin wannan tafiya ta taka-ka-saki ake gane halin shakazobar da ke cikin bututun mahaɗa, wadda aikinta shi ne tausasa turi domin birki ya kama a hankali. Idan ta zo da rauni daga masana'anta, Mai Girma sai ya cafke ya saki, ya cafke ya saki, mutanen cikin mota suna ta gyaɗa kai ba da sun yarda da komai ba.

Akwai kuma batun ribas. An yi wa Mai Girma dabarar da ke sa ya saki idan taya ta juya baya, domin direba ya iya komawa da tirela, sai dai Mai Girma ba ya bambance komawar da direba ya nufa da wadda tudu ya jawo. Tirelar da aka kwance a kan tudu ba a ja birkin hannu har ƙarshe ba tana iya silalewa baya, wadda kuma aka ajiye duk lokacin sanyi da birki a ɗaure takan wayi gari ƙarafan sun manne wa ganga. Abin da karen mota a tashar Kano ya daɗe da sani, wato dira da katako a tokare taya, shi ne har yau maganin Bafaranshe.

Ba za a rufe takarda ba sai an ambaci gatan da hukuma ta yi wa Mai Girma. Tirelar da ta haura kilo 500 sai da takardar rajista da lambarta. Direban da nauyin motarsa da tirela ya wuce kilo 3,500 sai ya yi horon awa 7 da ake kira B96, wanda ya wuce kilo 4,250 kuma sai da lasisin BE. Motar da ke ja ana kai ta binciken lafiya idan ta shekara 4, daga nan kowace shekara 2. Tirelar kwana ta iyali kuwa ba ta cikin wannan bincike, don haka an jarraba direba, an duba mota, an rubuta lamba, Mai Girma kaɗai aka bari da halinsa.

Saboda haka ake sanar da Mai Girma matakan da aka yanke. Za a kai shi gareji a sake ɗaure shi ko da yana ƙyalli, a shafa wa bututu giris, a duba igiyar ko-ta-kwana, wadda ke jan birki idan tirela ta kwance daga mota. Za a tsaya a wuraren hutu a kara hannu kusa da kowace taya a ji ko ɗaya ta fi ɗaya zafi, gudu kuma za a rage shi, domin hanyar lafiya a bi ta da shekara. Idan duk da haka hali bai sauya ba, dokar kare mai saye ta ba da garantin shekara 2 a kan sabon kaya, tana ɗaukar aibin da ya bayyana a cikinsu a matsayin wanda aka zo da shi, kuma tun 2022 kwana 30 ta ba mai sayarwa ya gyara ko ya musanya. Za a aika wa dillali wasiƙa mai rajista, wadda sai ya sa hannu ya karɓa, sunan Mai Girma kuma yana layin farko.

Ana roƙon Mai Girma ya kama idan an taka, ya saki idan an tashi, ya kuma bar iyali su isa Liyon da kwanukansu a inda aka jera su. Ba a neman fiye da haka.

Haza wasalam.
Daga masu jan tirela a hanyar kudu.